Faɗin hanyar iska a top silinda: nawa ya dace da injin turbo na hawan yau da kullum?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman haske. Injin lita 2 ne, silinda huɗu, bawul 16, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ma 86. Ana son a kai shi doki 350 da turbo, amma motar hawa ce ta kan titi, ba za a wuce juyi 7000 a minti ba. Akwai top silinda iri biyu da ke hawa kan wannan bulok ɗin, ɗaya mai ƙananan hanyoyin iska, ɗaya mai manya. Wasu sun ce tunda turbo zai ninka iskar da ke shiga, dole a ɗauki mai manyan, a ƙara ma faɗaɗa su da giranda. Wasu kuma sun ce hakan kashe motar zai yi a ƙasa. Wanne ne daidai, kuma yaya ake lissafin?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuskuren yana cikin kalmar "ninka". Turbo ba ya ninka yawan litocin iskar da ke bi ta hanyar, nauyinta yake ninkawa. Silinda ɗaya a injin nan rabin lita take ɗauka, ko da turbo ko babu. Fistin ya sauka, ya buɗe gurbin rabin lita, iska ta cike gurbin. Idan babu matsi, kowace mita kubik ta iska nauyinta wajen kilo 1.2 ne. Idan matsin turbo ya kai bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) kuma intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ta matsa, ta sauke zafin zuwa digiri 50, nauyin ya koma wajen kilo 2.2. Iskar ta yi kauri, amma gudun da take yi a cikin hanyar kusan bai canza ba, domin fistin ne ke yanke gudun.

Shi ya sa ake auna faɗin hanya da abu biyu: girman silinda da juyin da ake son ƙarfi ya kai ƙololuwa. Yawan doki da yawan matsi ba sa cikin lissafin farko.

Ga lissafin naka. Fuskar fistin mai faɗin milimita 86 tana da fili cm² 58.1. Matsakaicin gudun fistin shi ne tafiyarsa sau biyu, sau juyi, a raba da 60. A juyi 6500 ya kama mita 18.6 a daƙiƙa. Masu gyaran top silinda sun saba neman matsakaicin gudun iska na mita 90 zuwa 100 a daƙiƙa a wurin da hanyar ta fi matsewa, a juyin ƙololuwar ƙarfi. Ka ninka 58.1 da 18.6, ka raba da 90, za ka samu cm² 12. Tunda bawul biyu ke shigar da iska, kowane reshe cm² 6, wato rami mai faɗin milimita 27 zuwa 28. Je ka auna kawunan biyu, wato top silindar nan biyu. Wanda matsatsin wurinsa ya fi kusa da 12, shi ne naka.

Sabon Hannu:
Na gode Injiniya. To idan babban kan ya kai 15 fa? Bambancin uku kawai.

Injiniya:
Ukun nan kashi 25 cikin ɗari ne. Da cm² 15, iskar ba za ta kai mita 90 ba sai injin ya kai wajen juyi 8100, inda ka ce ba za ka je ba. A 6500 tana mita 72. A juyi 3000, inda motar titi ke yin yawancin rayuwarta, ƙaramin kan yana ba da mita 42, babban kuma 33.

Mai Dayino:
Injiniya, lissafinka ban ja da shi ba, amma ka bar rabin maganar. Allurar matsi ba ƙarfi take nunawa ba, tana nuna yadda injin ke ƙin karɓar abin da turbo ke tura masa. Kan da ya fi shaƙar iska zai ba da doki 350 ɗin a matsi ƙasa da na matsattsen kai. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. A ɗauka iskar waje digiri 30, fankar matsa iska ta turbo tana aiki da inganci kashi 70. A bar 1, iskar tana fitowa daga turbo da zafin wajen digiri 125. A bar 0.8 kuwa wajen 109. Ragin digiri 16 kafin ma a shiga intakula. Sannan fankar hayaƙi ba ta buƙatar aiki mai yawa, wesget, wato ƙofar da ke sakin hayaƙi ya kauce wa fankar, ya fi buɗewa, matsin da ke cikin manifol ɗin hayaƙi ya sauka, silinda ta fi wankewa daga ragowar hayaƙi mai zafi. Duk wannan yana nesanta injin daga ƙwanƙwasar wuta, wadda ita ce ke fasa gefen fistin a injin turbo mai shan man gidan mai.

Kuma da zarar matsi ya hau, raunin babbar hanya a ƙasa yana ɓuya. Injin da ba shi da turbo ba shi da mai rufa masa asiri, wannan kuwa yana da shi.

Injiniya:
Gaskiya ne Malam, amma ka lura da abin da ka ce: "da zarar matsi ya hau". Kafin ya hau fa? Daga juyi 1500 zuwa inda turbo ke farkawa, injin nan injin lita 2 ne kawai mai ƙaramin kwamfireshan. Hayaƙin da zai juya turbo daga iskar da injin ya iya shaƙa da kansa yake fitowa. Idan cikar silinda ta ragu a nan, hayaƙi ya ragu, turbo ya makara, kuma makarar tana ciyar da kanta.

Na biyu, kan da ya fi shaƙa ba lalle ne ya fi faɗi ba. A nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ana iya ƙara shaƙar kai sosai ta gyaran mazaunin bawul da kwanon da ke bayansa, ba tare da an taɓa matsatsin hanyar ba. Wannan ribar da ka lissafa ana samun mafi yawanta ta can, kuma ba a biyan komai a ƙasa.

Mai Dayino:
A kan wannan mun haɗu. Inda nake tsayawa shi ne kada a mayar da mita 90 kamar doka. Injin turbo yana haƙuri da mita 80 zuwa 85 fiye da yadda marar turbo zai yi. Idan kawunan biyu 12 da 13 ne, ni 13 zan ɗauka. Idan 12 da 15 ne, to babu gardama, 12.

Baban Gareji:
Ku bari in kawo abin da kamfanonin da kansu suka yi, domin su sun gwada fiye da kowa.

Injin 1.8T na Volkswagen da Audi, mai bawul biyar a kowace silinda. Na farko, mai lambar AEB, shi ne mai manyan hanyoyi, kuma doki 150 yake bayarwa. Na Audi TT da S3 mai doki 225 ƙananan hanyoyi gare shi. Sun ƙara doki 75 suna rage faɗi. Har yau masu neman kan AEB su ne masu ɗaura babban turbo suna kai injin can sama, ba masu hawan yau da kullum ba.

Mitsubishi 4G63 ma haka. Eclipse ta 1990 zuwa 1994 tana da manyan hanyoyin shiga, ta 1995 zuwa 1999 aka matse su, kuma kawunan Lancer Evolution na baya ma a matse suke. Don adalci, a 1995 ɗin ba hanya kaɗai suka canza ba, sun ɗaga kwamfireshan daga 7.8 zuwa 8.5, sun sa ƙaramin turbo, saboda haka ba za a ce duk saurin amsawar daga hanyar ya zo ba. Amma alkiblar a fili take.

Toyota 4A-GE na farko kuwa ya fi kowa tona asirin. Hanyoyinsa sun yi faɗi har sai da suka sa wasu ƙananan marufai a manifol, TVIS, da ke toshe rabin hanyoyin a ƙaramin juyi don iskar ta yi gudu. Da suka fito da mai ƙananan hanyoyi sai suka cire marufan gaba ɗaya.

Sabon Hannu:
Baba, ni dai har yanzu ban gane me ya sa gudun iskar ke da muhimmanci ba. In dai ta shiga ai ta shiga.

Baban Gareji:
Yaro, ba a rufe bawul ɗin shiga lokacin da fistin ya kai ƙasa. Ana barin sa a buɗe digiri 40 zuwa 60 bayan haka, fistin ya riga ya fara hawowa. A wannan ɗan lokacin abu biyu ke kokawa a bakin bawul: fistin yana turo iskar waje, ita kuma iskar da ke tahowa a guje tana tura kanta ciki da nauyin gudunta. Idan gudun ya isa, ita ke rinjaye, silinda ta ƙara cika. Idan bai isa ba, fistin ya rinjaye ta, abin da ya shiga ya koma manifol. Ƙarfin turin nan yana tafiya ne da gudu sau gudu. Daga 42 zuwa 33 da Injiniya ya lissafa, ba kashi 20 aka rasa ba, kusan kashi 40 ne.

Sai maganar mai. A injin da nozul ke fesawa cikin hanya, iska mai sanyin jiki ba ta ɗaukar ɗigon man, sai ya kwanta a bango ya riƙa gangarawa. Alamominsa: silo ba ya zama, mota tana shaƙewa idan aka taka totur farat ɗaya, filogi suna baƙi, mai gyaran kwamfutar injin yana ta ƙara man taka totur don ya rufe ramin.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Iskar da ta shigo da gudu tana birkima a cikin silinda, fistin ya matse birkimar ta farfashe, wuta ta bazu da sauri. Ƙonewa mai sauri ba ta buƙatar a gabatar da taimin sosai, kuma ba ta ba ragowar man da ke gefe lokacin fashewa da kansa. Duba kawunan injinan turbo na zamani masu fesa mai kai tsaye cikin silinda: hanyoyinsu a miƙe suke, da ɗan kaifi a ƙasan bakin bawul, an yi su ne don birkima ko da shaƙa ta ɗan ragu. Wanda ya sa giranda ya goge wannan kaifin yana ganin gyara ya yi, lambar bencin auna iska ta hau, injin kuma ya fara ƙwanƙwasa a matsin da da yake ɗauka lafiya.

Mai Giranda:
Madalla da wannan bayanin, Baba. Bari in shiga ɓangaren aikin hannu, domin "je ka auna" da Injiniya ya faɗa ba abu ne da ake yi da rula a bakin manifol ba. Bakin hanya ba shi ne matsatsinta ba.

Hanya mafi tabbaci: a wanke kan, a shafa ɗan mai a bangon hanyar, a sa bawul a rufe, a zuba robar silikon mai haɗi biyu, a bar ta ta daskare, a zaro. Yanzu kana riƙe da siffar hanyar a hannunka. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa duk milimita 10, yankan ya zama a tsaye kan alkiblar iska, ba a karkace ba, in ba haka ba filin zai fito ya fi ainihin girmansa. Ka ɗora kowace gunduwa kan takarda mai gidajen milimita, ka zagaye da fensir, ka ƙirga gidajen. Abin da ake so a gani shi ne fili yana raguwa sannu a hankali daga bakin manifol zuwa matsatsi, sannan ya ɗan buɗe a kwano. Idan ya faɗaɗa, ya tsuke, ya sake faɗaɗa, kowane canji asarar ƙarfi ne.

Kada a dogara da cc da masu sayarwa ke rubutawa. Cc faɗi ne sau tsawo. Hanya mai cc 200 doguwa tana iya fin mai 180 gajera matsewa. Ana kwatanta cc ne kawai tsakanin kawunan injin iri ɗaya.

Sai maƙogwaro, wato ramin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul. A kan titi ana barin sa kashi 86 zuwa 89 na faɗin bawul. A ce bawul ɗin shiga milimita 34 ne, maƙogwaro wajen 30. Filinsa cm² 7.07, a cire sandar bawul mai milimita 6, saura wajen 6.8, biyu 13.6. Ka ga ya ɗan fi 12 ɗin da ake nema, wato bawul ɗin da kamfani ya sa ya isa, ba a buƙatar manya. Wanda ya wuce kashi 90 ya cinye kusurwar ƙasa ta mazauni, iska ta rasa abin da za ta bi ta lanƙwasa, shaƙa a ƙaramin ɗagin bawul ta faɗi. Wannan ba ya gyaruwa sai an sa sabon mazauni ko babban bawul.

Mazauni a yanka shi kusurwa uku, 30, 45, 60. Faɗin wurin haɗuwa milimita 1.0 zuwa 1.3 a shiga, 1.5 zuwa 2.0 a fita. Na fitar kada a siranta shi don neman lamba, ta nan bawul ke zubar da mafi yawan zafinsa.

A cikin kwano, a goge tudun da ke tsakanin aikin injin yanka da zubin alminiyom, a siranta gindin gayid, wato bututun da sandar bawul ke bi, ba tare da an yanke shi ba. Gajeren lanƙwasa na ƙasan hanya a sulɓe shi kawai, kada a rage tsayinsa. Ƙasan hanya gaba ɗaya a bar shi. Iska a saman hanya take bi, duk abin da aka tono a ƙasa mataccen fili ne. A gama bangon shiga da samfefa lamba 60 ko 80, ba a mayar da shi madubi.

Mai Dayino:
Oga, ƙara musu maganar benci, domin nan ake yaudarar mutane.

Mai Giranda:
Bencin auna iska yana ja ne da matsin inci 28 na ruwa, wato wajen bar 0.07, bawul a tsaye cak, iska mai sanyi. Ba ya sanin fistin, ba ya sanin komawar iska baya. Kowane rami ka faɗaɗa lambar za ta hau. Abin dubawa shi ne shaƙa a raba da fili. Idan ka ƙara fili kashi 15 shaƙa ta ƙaru kashi 5, ka ɓata kan ne, ko da takarda ta nuna ƙari.

Kuma a duba lambar a ɗagin da kamshaf ke kaiwa. Idan ɗagin bawul milimita 9.5 ne, lambar milimita 13 ba ta da amfani. Bawul yana bi ta tsakiyar ɗagi sau biyu, a hawa da sauka, ƙololuwa kuwa sau ɗaya yake taɓa ta. A bawul mai milimita 34, sai ɗagi ya kai wajen 8.5, rubu'in faɗinsa, kafin tagar da ke kewaye da shi ta kai girman fuskarsa. Ƙasa da haka mazauni ne ke mulki, hanya ba ta da ta cewa.

Sabon Hannu:
To ɓangaren fita fa? An ce a turbo nan ne ya kamata a buɗe sosai tunda hayaƙin ya ninka.

Injiniya:
A nan an fi yin ɓarna. Matsatsin gaskiya a ɓangaren fita ba ya cikin top silinda, yana cikin katantanwar turbo, wato gidan da ya kewaye fankar hayaƙi. Hayaƙin silinda huɗu duka ta wani ɗan wuya yake bi kafin ya bugi fanka. Ko ka mayar da hanyar fita kamar bakin rijiya, wuyan nan yana nan.

Lokacin da bawul ɗin fita ya fara buɗewa, matsin cikin silinda ya fi na manifol ninki biyu ko fiye, saboda haka hayaƙin yana fita da gudun sauti ta ɗan tsagin mazauni. Wannan bugun farko shi ne abincin turbo a ƙaramin juyi. Idan ya faɗa cikin hanya mai faɗi sai ya baje, ya huce, ya isa fanka a gajiye. Faɗin bango kuma yana nufin ƙarin zafi yana shiga ruwan lagireto maimakon ya tafi turbo. Hayaƙin injin fetur mai turbo yana kaiwa digiri 850 zuwa 950 a cikakken totur, ba wasa ba ne a sirance bangon da ke tsakaninsa da ruwa.

Abin da ake yi wa fita: mazauni mai kyau, kwano mai sulɓi, maƙogwaro kashi 85 zuwa 88, bango a goge shi sumul don kada baƙin hayaƙi ya kama. Bakin hanyar kada a buɗe shi ya kai girman gasket. A bar bututun manifol ya fi shi faɗi da milimita 1 zuwa 2, ɗan matakin nan yana tare hayaƙin da ke son komowa.

Mai Dayino:
Kafin ma a taɓa hanyar fita, a auna matsin manifol ɗin hayaƙi. A huda kafin turbo, a ɗaura bututun jan ƙarfe mai tsawon santimita 60 ko fiye, a naɗe shi don ya huce, a kai shi agogon matsi. A ƙaramin turbo na titi za a iya ganin matsin fita ya kai ninki ɗaya da rabi, har ninki biyu na matsin shiga a babban juyi. Idan haka ne, lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, hayaƙi ne ke komawa ciki, kuma babbar hanyar shiga mai iska marar gudu ita ce ta fi karɓarsa. Maganin yana wajen katantanwa mai A/R mafi girma, wato mai wuya mafi faɗi, ko kamshaf mai ƙarancin haɗuwar buɗewa, ba wajen giranda ba. Idan turbo mai hanya biyu ne, a haɗa silinda 1 da 4 a gefe ɗaya, 2 da 3 a ɗayan, ga injin mai tsarin wuta 1-3-4-2. Wannan kaɗai yana sauko da farkawar turbo fiye da duk abin da za a yi wa hanyar fita.

Ɗan V8:
Ranku ya daɗe, ga wani misali daga manyan injina. A dangin LS na General Motors, kan LS1 hanyarsa wajen cc 200 ce, na LS6 wajen 210, na LS3 mai baki mai kusurwa huɗu wajen 260 da bawul milimita 55. LS3 lita 6.2 ne, silindarsa ta haura milimita 103. Masu ɗaura turbo a kan 4.8 da 5.3, masu silinda milimita 96, ba sa ma iya sa kan LS3 domin bawul zai taɓa bango, kuma da ƙananan kawunan kamfani suke ninka ƙarfin injin. Wato girman silinda ne ya kira babbar hanya a 6.2.

Baban Gareji:
Haka ne. Kuma shi ya sa idan aka ƙara tafiyar fistin lissafi ya canza. 4G63 mai tafiya 88, idan aka sa masa karanshaf na 4G64 mai 100 ya koma lita 2.3, gudun fistin a 6500 ya tashi daga mita 19.1 zuwa 21.7. Hanyar da ake buƙata ta tashi daga cm² 12 zuwa 13.7. A nan tsohon kai mai manyan hanyoyi ya fara samun wurin zama. Haka idan lita 2 ɗin ne amma za a kai shi 8500 da babban turbo da dogon kamshaf. Sai dai wannan ya tashi daga motar da Sabon Hannu ya siffanta.

Sabon Hannu:
To matsi nawa zai buƙata kafin ya kai 350 da ƙaramin kan? Kada a ce sai an kai shi inda gasket zai tashi.

Injiniya:
Doki 350 na cin iska wajen kilo 0.27 a daƙiƙa. Injin lita 2 a juyi 6500 yana share lita 108 a daƙiƙa, a ce cikarsa kashi 95, lita 103. Kenan ana son iska mai nauyin kilo 2.6 a mita kubik, wanda a digiri 50 ya kama wajen bar 1.4 a agogo. Ba matsin da zai tayar da hankali ba ne ga injin da aka haɗa da fistin da ƙusoshin kai masu kyau, in dai man ya dace kuma intakula tana aiki. Asarar matsi a matsatsin hanyar a wannan gudun wajen bar 0.1 ce, kuma wani ɓangarenta yana dawowa a kwano. Sau da yawa intakula mara kyau da lanƙwasassun bututu suna cin fiye da haka. Can ya kamata a fara nema.

Mai Giranda:
Tunda an ambaci bar 1.4, a tuna da sifirin ɗin bawul. Matsin yana danna bayan bawul ɗin shiga yana son buɗe shi. Fili cm² 6.8 sau bar 1.4 ya kama wajen kilo 10 da aka zare daga ƙarfin da sifirin ke riƙe bawul a mazauni. Idan sifirin ya tsufa, bawul zai riƙa tsalle bayan ya rufe, ƙarfi ya yanke a sama, mutum ya zargi ƙaramar hanya alhali ba laifinta. Babban bawul yana ƙara wannan matsalar, ga nauyi ga fili. Na fita ma haka yake fama da matsin manifol.

Sabon Hannu:
Tambaya ta ƙarshe, Oga. Idan babban kan ne kawai a hannu, ko wani ya riga ya faɗaɗa, akwai gyara?

Mai Giranda:
Akwai, a ɓangaren shiga kaɗai. Ana cike ƙasan hanyar da ifoksi mai jure fetur da zafi. A kankare wurin ya yi kaushi sosai, a ɗan tona ramuka masu faɗin ciki don cikon ya samu abin kamawa, a wanke da sinadarin da ba ya barin maiƙo, a cika, a bar shi ya bushe yadda kamfaninsa ya ce, sannan a siffanta. Gefen cikon kada ya ƙare siriri kamar takarda, nan yake fara ɓamɓarewa, kuma man da ke da etanol da yawa yana cin wasu nau'o'in. Gutsuren da ya saki zai bi ta bawul, ya ratsa silinda, ya ƙare a fankar turbo. Saboda haka duk lokacin da aka cire manifol a leƙa a ƙwanƙwasa shi. A ɓangaren fita ifoksi ba ya rayuwa, sai walda, walda kuma tana iya karkatar da kai ta sassauta mazaunai, dole a sake fere fuska a sake yankan mazauni bayanta.

Kowane aiki aka yi, a bar aƙalla milimita 3 na bango tsakanin hanya da ruwa. A auna cc na hanyoyin huɗu da buret, wato bututun auna ruwa mai lambobi, kada su bambanta da fiye da kashi 1 zuwa 2, in ba haka ba silinda ɗaya za ta fi saura shan iska, ta yi ƙarancin mai, ita ce za ta fara ƙwanƙwasa yayin da na'urar auna hayaƙi ke nuna matsakaicin huɗun lafiya lau. Daga nan a toshe ƙofofin ruwa, a ba kan iska bar 3 zuwa 4 a cikin ruwan zafi a duba kumfa, domin wani tsagin ba ya buɗewa sai alminiyom ya ɗumama.

Mai Dayino:
Sabon Hannu, idan ka zuba silikon ɗin, turo mana filin kowace gunduwa ta kawunan biyu, da faɗin bawul, da digirin da kamshaf ke rufe shiga, da lambar katantanwar turbo. Da waɗannan za a iya faɗa maka juyin da matsi zai cika a giya ta huɗu kafin ka ɗaura ko ƙusa ɗaya.